Yadda Baƙo Daga Saudiyya Zai Kalli Ƙwallon Kwando a Santambul

Hausawan da suke zaune a Jidda da Makka da Madina sun daɗe da sanin hanyar Santambul, wasu don sarin tufafi da takalma a Laleli da Merter, wasu don ganin likita, wasu kuma don kai iyali su huta idan zafin Hijaz ya kai intaha. Yawanci ana dawowa da labarin masallatai da kasuwanni da farashin kaya, kuma idan hira ta biyo ta kan wasanni ba a wuce ƙwallon ƙafa. Amma a cikin shekaru talatin da suka gabata Turkawa sun rungumi ƙwallon kwando da hannu biyu, har ta kai a daren babban wasa mutum fiye da 10,000 sukan cika zaure guda, maza da mata da yara ƙanana, kowa sanye da launin ƙungiyarsa. A ganina duk wanda Allah ya kai shi birnin a lokacin kakar wasa ya kamata ya ware dare ɗaya domin wannan, musamman mai 'ya'ya masu tasowa, amma da sharaɗin ya yi shiri. Wanda ya je babu shiri yana iya sayen tikitin wasan da bai dace da shi ba, ya isa a makare, ya zauna a inda ba zai ga komai ba, sannan ya fito bai gane abin da ya sa jama'a suke ta kururuwa ba.

Abin da tutocin saman zaure suke faɗa

Da zarar ka shiga ɗaya daga cikin manyan zaurukan wasa za ka ga tutoci da riguna a rataye can sama, ɗauke da sunaye da shekaru, kuma sanin labarin waɗannan shekarun shi ne rabin jin daɗin kallon. Wasan ba baƙo ba ne a ƙasar, domin an fara buga shi a makarantar Robert College ta Santambul tun 1904, shekaru 13 kacal bayan an ƙirƙiro shi a Amurka, aka kafa hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a 1959, aka kuma fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a 1966. Sai dai ya daɗe yana hannun 'yan makarantun manyan birane. Idan ka tambayi Baturke mai furfura yadda aka yi wasan ya shiga unguwanni, sau da yawa zai ambata maka wani shirin talabijin na Amurka game da kocin ƙwallon kwando na wata makarantar sakandare, wanda gidan talabijin na gwamnati, TRT, ya nuna a farkon shekarun 1980 da sunan Beyaz Golge, a lokacin da tasha ɗaya ce tak a ƙasar, don haka kowane gida shi yake kallo.

Bayan haka nasarori suka riƙa biyo juna. A 1996 ƙungiyar Efes ta ci Kofin Korac, kofin Turai na farko da wata ƙungiyar Turkiyya ta ɗauka a wannan wasa. A 2001 ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar Turai, ta kai wasan ƙarshe, Yugoslabiya ta doke ta, kuma a wannan shekarar ce aka raɗa wa 'yan wasan ƙasar suna 12 Dev Adam, wato ƙattai goma sha biyu, sunan da ake kiran su da shi har yau. A 2010 gasar duniya ta zo Turkiyya, suka sake kaiwa wasan ƙarshe bayan sun fitar da Sabiya da maki ɗaya a daƙiƙun ƙarshe, sannan Amurka ta ci su 81 da 64. Fenerbahce ta ɗauki kofin EuroLeague, wanda shi ne mafi girma ga ƙungiyoyin Turai, a 2017 a cikin Santambul, Anadolu Efes ta ɗauke shi sau biyu a jere a 2021 da 2022 a ƙarƙashin koci Ergin Ataman, sannan Fenerbahce ta sake ɗaukarsa a 2025 a Abu Dhabi. A watan Satumba na 2025 kuma 'yan wasan ƙasar suka kai wasan ƙarshe na gasar Turai a Riga, Jamus ta yi galaba da 88 da 83. Yaron da aka haifa a Turkiyya daga tsakiyar shekarun 1990 ya taso yana ganin mutanen ƙasarsa a sahun gaba, yana kuma ganin irin su Hidayet Turkoglu da Mehmet Okur suna wasa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Okur ya ci kofin gasar tare da Detroit a 2004, Turkoglu kuma shi ne shugaban hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar tun 2016. Wannan shi ne tushen cikar da za ka gani a zaure.

Lokacin tafiya

Kuskuren da ya fi yawa a wurin mutanenmu shi ne na lokaci. Mu a Saudiyya mun fi fita a watannin Yuli da Agusta, lokacin hutun makaranta da tsananin zafi, kuma a daidai wannan lokacin babu gasar ƙungiyoyi ko kaɗan. Kakar wasa tana farawa ne wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, gasar EuroLeague ta kai ƙarshenta a watan Mayu, gasar cikin gida kuma, wadda ƙungiyoyi 16 suke bugawa, ta ƙare da wasannin fitar da gwani a watan Yuni. Saboda haka ɗan kasuwar da yake zuwa sari a lokacin sanyi ya fi mai zuwa hutun bazara sa'a. Wasannin Turai ana yin su ne a tsakiyar mako, daga Talata zuwa Juma'a, galibi tsakanin ƙarfe 8 da 9 na dare, na cikin gida kuma sun fi faɗawa Asabar da Lahadi. Ka duba jadawalin wasanni kafin ka yanki tikitin jirgi, domin ƙungiya tana iya yin mako guda tana wasa a Madrid ko Atina ba ta dawo gida ba.

Agogon Turkiyya da na Saudiyya ɗaya ne a duk shekara, don haka lokacin da ka gani a jadawali ba ya buƙatar lissafi. Wanda yake zaune da iƙama ya tabbatar ya kammala takardar fita da dawowa kafin komai, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Sudan yana buƙatar bizar Turkiyya, wadda ya fi kyau a nema da wuri. Kada a manta da rigar sanyi mai kauri, domin jikin da ya saba da iskar Jidda zai sha wuya a Santambul a watan Janairu idan an fito daga wasa da ƙarfe 11 na dare.

Wane wasa za ka zaɓa

A nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani, domin zaurukan ba ɗaya ba ne, jama'arsu ma ba ɗaya ba ce. Manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa uku na Santambul, Fenerbahce da Galatasaray da Besiktas, kowacce tana da sashen ƙwallon kwando, kuma magoya bayansu sukan kwaso zafin filin ƙwallon ƙafa su shigo da shi zaure. Wanda ya san yadda Jidda take ɗaukar zafi ranar da Ittihad za ta kara da Ahli zai fahimci abin da nake nufi, sai dai a nan an rufe wannan zafin ne a ƙarƙashin rufi guda, inda sauti ba shi da hanyar fita. Idan biyu daga cikinsu za su haɗu tikiti yakan yi wuya, 'yan sanda sukan yi yawa, sau da yawa ba a barin magoya bayan baƙuwar ƙungiya su shiga, kuma waƙoƙin da ake rerawa ba duka ne uba zai so a fassara wa ɗansa ba. Ban ba da shawarar irin wannan wasa ga wanda zai je karo na farko ba, balle mai ɗauke da iyali.

Abin da ya fi dacewa da baƙo shi ne wasan EuroLeague na tsakiyar mako, inda Fenerbahce ko Anadolu Efes take karɓar baƙuwa daga wata ƙasa, irin su Real Madrid ko Barcelona ko Zalgiris. Ƙwarewar da za a gani ita ce mafi girma a wajen Amurka, zaure yana cika, kuma tun da duk jama'a ɓangare ɗaya suke, ba a cika samun rigima ba. Idan abokiyar karawar daga Girka ta zo, wato Olympiacos ko Panathinaikos, zafin yakan ƙaru sosai. Wasannin Efes sun yi suna wajen natsuwa da yawan iyalai, saboda ƙungiyar ba ta da sashen ƙwallon ƙafa, amma akwai abin da ya wajaba in faɗa game da ita: kamfanin da ya kafa ta a 1976 kamfanin giya ne, kuma har zuwa 2011 sunan giyar take ɗauke da shi, kafin dokar hana tallan barasa ta sa aka sauya. Ba a sayar da giya a cikin zauren wasa a Turkiyya, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da ya sa kuɗinsa a can ba yana da hujja, kuma yana da zaɓi.

Mai tafiya da mata da 'yan mata ya duba wasannin mata, waɗanda tikitinsu ya fi sauƙi kuma zaurensu ya fi natsuwa. Ba wasan cike gurbi ba ne, domin matan Galatasaray sun ci kofin EuroLeague na mata a 2014, inda suka doke Fenerbahce a wasan ƙarshe, matan Fenerbahce kuma sun ɗauke shi a 2023 da 2024. Sannan kowa ya sani cewa ana sa kiɗa mai ƙarfi a lokutan hutu, wasu ƙungiyoyin kuma suna fito da masu rawa, don haka mai gida ya auna wannan tun daga masauki. Wanda harkarsa ta kai shi Izmir kada ya wuce Karsiyaka, unguwar da ƙwallon kwando ya zama mata abin alfahari, wadda ƙungiyarta ta ci gasar ƙasa a 2015 duk da cewa ba ta kai manyan Santambul kuɗi ba.

Tikiti da kujera

Ana sayar da tikiti ta intanet, kuma hanya mafi aminci ita ce ka shiga shafin ƙungiyar da kanta, ka bi inda ta tura ka, domin kowace ƙungiya tana da kamfanin da take aiki da shi, irin su Passo ko Biletix. Yawanci tikitin yana zuwa cikin waya da lambar da ake haskawa a ƙofa, don haka ka cika cajin wayarka, ka kuma riƙe fasfonka. Kada ka sayi tikiti a hannun wanda ya tare ka a bakin titi. Ka kuma karanta sunan zauren da aka rubuta a jiki da kyau, domin ƙungiya takan ɗauke babban wasa daga zaurenta zuwa wanda ya fi girma.

Game da kujera, a nemi gefen fili, ta ɓangaren tsawonsa, a tsakiyar hawa. Daga nan ne ake ganin dukkan 'yan wasa goma da yadda suke buɗe wa juna hanya. Kujerun bayan kwando sun fi araha, amma a nan ne magoya baya masu ganga da tuta suke taruwa, kuma a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe. Wanda ya sayi kujera a tsakiyarsu ba zai zauna ba, lambar kujerarsa ma ba lallai ta yi masa amfani ba. Dattijo da mai ƙananan yara su ƙara kuɗi kaɗan su koma gefe.

Hanyar zuwa

Mafi yawan mutanenmu a Laleli ko Aksaray suke sauka, kuma daga nan tashar Yenikapi tafiyar ƙafa ce. Ka sayi katin Istanbulkart a na'urar tasha ka sa masa kuɗi, domin da shi ake hawa jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa. Sabon zauren da hukumar ƙasa ta gina a Zeytinburnu, Basketbol Gelisim Merkezi, wanda aka buɗe a 2024 a gurbin tsohon zauren Abdi Ipekci kuma yake ɗaukar mutum 10,000, shi ne mafi kusa: jirgin Marmaray daga Yenikapi tasha ɗaya zai yi ya sauke ka a Kazlicesme. A can Efes da Galatasaray suke karɓar baƙi. Zauren Sinan Erdem, mai ɗaukar kimanin mutum 16,000, inda aka buga wasan ƙarshe na 2010 da na 2017, yana Atakoy, kuma layin jirgin ƙasa na M1A yana kaiwa kusa da shi.

Gidan Fenerbahce kuwa, zauren Ulker mai kujeru kusan 13,000, yana Atasehir a ɓangaren Asiya, kuma shi ne yake buƙatar lissafi. Ka hau Marmaray ya ratsa da kai ta ƙarƙashin teku zuwa Ayrilik Cesmesi, ka sauya zuwa layin M4 har Yenisahra, daga nan ka ƙarasa da ƙafa ko da tasi; bin masu rigar rawaya da shuɗi ya isa ya nuna maka hanya. Kada ka yarda ka hau tasi daga ɓangaren Turai da yamma da nufin haye gada, domin cunkoson lokacin tashi daga aiki yana iya cinye maka rabin wasan da kuɗi mai yawa. Ka yi nufin isa sa'a guda kafin a fara. A ƙofa ana bincike, kuma akan karɓe sulallan kuɗi da abin kunna taba da duk abin da za a iya jifa da shi, don haka ka bar su a masauki.

Maganar salla ba ta da wuya idan an tsara ta. A tsakiyar sanyi rana tana faɗuwa a Santambul kafin ƙarfe 6, Isha kuma tana shiga jim kaɗan bayan ƙarfe 7, don haka mutum zai iya yin Magariba kafin ya fito, ya yi Isha a masallacin da yake kan hanya. A watannin Afrilu da Mayu lokutan suna matsawa har su faɗa cikin wasa, sai a nemi ɗakin da aka rubuta wa mescit, wato ɗakin salla, ko a tambayi ma'aikatan zaure tun da wuri.

Yadda za ka karanta wasan

Idan wasan cikin gida ne, za a fara da taken ƙasa, kowa zai miƙe, kai ma ka miƙe ka tsaya cak har a gama, domin Turkawa ba sa ɗaukar wannan da wasa.

Kowace ƙungiya tana da mutum biyar a fili, kuma ana iya sauya su ba adadi. Wasa zango huɗu ne, kowanne minti 10, da hutun minti 15 a tsakiya, amma saboda ana tsayar da agogo duk lokacin da alƙali ya busa usur, minti 40 ɗin nan sukan ɗauki kusan sa'a biyu. Ƙwallon da ta shiga kwando maki biyu ce, idan an jefa ta daga bayan babban layin da ya yi baka, mai nisan mita 6.75, maki uku ce, sannan wanda aka yi wa ƙeta yana cikin jifa ana ba shi jifan kyauta ba tare da mai tarewa ba, kowanne maki ɗaya. Ɗan wasan da ya yi laifi biyar ya fita ke nan. Babu kunnen doki, domin idan lokaci ya ƙare makin ƙungiyoyin biyu daidai yake, ana ƙara minti 5, ana kuma ta ƙarawa har sai an sami mai nasara.

Abin da sabon mai kallo ya fi buƙatar ya lura da shi shi ne ƙaramin agogon da yake saman allon kowane kwando. Ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo tana da daƙiƙa 24 ta yi jifa wanda zai taɓa bakin kwando, in ba haka ba ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Daga wannan agogon duk gaggawar wasan take fitowa, kuma da shi jama'a suke aiki. Ka saurara lokacin da baƙi suka riƙe ƙwallo: fito yakan tashi daga kowane ɓangare, mai kaifi har kunne ya yi zafi, kuma yana ƙaruwa yayin da lambobin suke sauka, takwas, bakwai, shida, domin a hana ɗan wasa jin kiran abokinsa, a sa shi ya yi jifan gaggawa. Idan ƙarar agogo ta tashi ƙwallo tana hannunsa, zaure yakan ɓarke da murna kamar an ci maki. Mai ƙananan yara ya tanadi abin toshe kunne saboda wannan.

Shawarar da nake ba kowa ita ce, a zango na biyu ka ɗauke idonka daga ƙwallo na minti biyu ko uku, ka zaɓi dogon ɗan wasa guda ka bi shi da kallo. Za ka ga ya taho daga ƙarƙashin kwando ya tsaya ƙyam a gefen mai tsaron abokinsa, ya dasa ƙafafu, ya harɗe hannuwa a gaba. Mai riƙe da ƙwallo ya goga kafaɗa da shi ya wuce, mai tsaro ya yi karo da wannan katanga, shi kuma dogon ya juya da sauri ya nufi kwando hannu a sama. A cikin wannan daƙiƙa ɗaya dole masu tsaro su zaɓi wanda za su bi, kuma duk wanda suka bari shi za a ba ƙwallo. Mafi yawan hare-haren wasan Turai daga wannan dabarar suke farawa, kuma ranar da idonka ya kama ta, wasan ya daina zama guje-guje a wurinka. Ka kuma kalli benci idan koci ya nemi hutun minti guda, yadda yake durƙusawa a gaban 'yan wasansa da ƙaramin allo da alƙalami yana zana inda kowa zai tsaya, sannan ka duba ko abin da ya zana shi ne ya faru bayan an dawo. A Turkiyya ana girmama koci ƙwarai. Sunan Zeljko Obradovic, wanda ya kawo wa Fenerbahce kofin 2017, har yanzu yana da nauyi a bakin magoya bayanta.

Kada ka tashi da wuri don gudun cunkoso idan tazarar ba ta wuce maki shida ko bakwai ba. Minti biyu na ƙarshe suna iya ɗaukar kwata guda na sa'a, ƙungiyar da take baya tana yin laifi da gangan don tsayar da agogo, kowane jifan kyauta yana da nauyi, kuma jifa biyu daga nesa sun isa su juyar da komai.

Zama cikin jama'a

Ka kula da launin tufafinka. Rawaya da shuɗi mai duhu na Fenerbahce ne, rawaya da ja na Galatasaray, baƙi da fari na Besiktas, kuma shiga zauren wata da launin abokiyar gabarta neman fitina ne ko da ba da niyya ba. Riga marar alama ta wadatar, jallabiya da hula ko abaya ma ba wanda zai tsangwame ka a kansu. Kada ka yi tafi idan baƙi sun ci maki, komai kyan jifan, kuma ka guji hirar siyasar ƙasar.

Maƙwabcin kujerarka zai so ya san daga ina kake, kuma a nan ɗan Najeriya yana da abin buɗe hira. Gwarzon wasannin ƙarshe na 2017, lokacin da Fenerbahce ta doke Olympiacos 80 da 64, shi ne Ekpe Udoh, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma daga baya ya buga wa Najeriya wasa. Adem Bona, wanda yake cikin tawagar Turkiyya da ta kai wasan ƙarshe a 2025 kuma yake wasa a Philadelphia, a Legas aka haife shi, ya koma Turkiyya yana yaro, ya kuma taso a hannun ƙungiyoyinta. Idan kuma ka ambaci Alperen Sengun, ɗan Giresun da yake gaɓar Baƙin Teku, wanda yake Houston Rockets kuma aka zaɓe shi cikin taurarin NBA a 2025, fuskar mutumin za ta saki.

Abin da za a gani da rana

Zauren dare sakamako ne na aikin da ake yi da rana, kuma uban da yake tunanin 'ya'yansa ya kamata ya ga wannan ɓangaren ma. A safiyar Asabar ko Lahadi ka je bakin teku a Caddebostan da ke ɓangaren Asiya, ko wani lambun unguwa, za ka tarar da filayen da hukumar birni ta yi kyauta, yara da matasa suna buga uku da uku a kwando guda, waɗanda suka ci su ci gaba, waɗanda aka ci su ba masu jira wuri. Manyan ƙungiyoyi suna da makarantun koyar da yara a ƙarshen mako, kuma daga can ake tsamo waɗanda za su shiga ƙungiyoyin matasa. Wannan tsani, daga filin unguwa zuwa makarantar ƙungiya zuwa babban zaure, shi ne abin da ya fi burge ni a duk al'amarin, kuma shi ne abin da nake fata yaranmu na Jidda da Makka su samu, domin Allah ya ba da yawa daga cikinsu tsawo da ƙarfi, wasan kuma a cikin inuwa ake yin sa, ba ya buƙatar babban fili, kuma mutum shida sun isa a fara.

Ƙofar a buɗe take a nan gida. Jidda ta karɓi baƙuncin gasar Asiya a watan Agusta na 2025 a zauren birnin wasanni na Sarki Abdullah, Ittihad da Ahli da Hilal duk suna da sashen ƙwallon kwando, Uhud ta Madina kuma tsohuwar gwana ce a wannan fage, don haka yaron da ya dawo daga Santambul da sha'awa yana da inda za a kai shi a tambaya. Wanda zai sayo ƙwallo a matsayin tsaraba ya kula da lamba: mai lamba 5 ta yara ce 'yan firamare, mai lamba 6 ta mata da yara masu tasowa, mai lamba 7 kuma ta manyan maza, kuma ba yaro ƙarami babbar ƙwallo yana ɓata masa hannun jifa tun daga farko. A zaɓi ta roba idan a kan siminti ko kwalta za a buga, domin ta fata don katakon zaure aka yi ta kuma ba ta jure wa waje. A rage mata iska kafin a sa ta cikin jaka, a kuma haɗa da ƙaramin famfo da allurarsa daga shagon da aka saya.